Hannun da Ya Karɓi Baba

Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi a wani asibiti a nan Doha. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mahaifin maiɗakina ne, kuma tun bayan rasuwar matarsa Hajiya yake zaune tare da mu a gidanmu na unguwar Bin Omran. Da a gida ne, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Amma a nan baƙo ba ya shiga ƙasa sai hukuma ta ba da izini, ga shi kuma an shiga hutun ƙarshen mako. Sai aka bar shi a ɗakin sanyi na asibiti, mu kuma muka dawo muka ture kujeru muka shimfiɗa darduma, mutane suka fara zuwa gaisuwa alhali mamacin bai kwanta ba tukuna.

An zo, ba laifi. Likitoci sun zo da rigunan aiki, malaman jami'a sun zo, tsofaffin ɗalibansa sun zo har da waɗanda ba sa jin Hausa. Daga ɗakin ciki kana jin sheshsheƙar mata. Sai dai duk wanda ya zauna ya ce "Ya haƙuri?" ya shafa fatiha, sai ka ga idonsa ya tafi bango. Akwai wani babban zane a falon, Baba ne ya yi shi da hannunsa tun yana saurayi: cikin wata tsohuwar majami'a ta ƙasar Turai, ginshiƙai sun miƙe sama, a gindinsu sarakuna na dutse kwance a kan kaburburansu. Wani matashin likita ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi, "Kai, wannan ba coci ba ne?" Raɗar kuwa kowa ya ji ta.

Limaminmu, wanda ke ja mana salla in mun taru, ya yafito ni da hannu. Ya ce, "Injiniya, da an juya shi ya kalli bango, ko don masu shigowa."

Kafin in buɗe baki Alhajin Kumasi ya riga ni. Shi ne babban aminin Baba, dattijo ne daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana, ya daɗe a ƙasar nan yana tuƙa motar makaranta. Ya ce, "Haba Malam! Mutum bai ma shiga ƙasa ba za a fara juya masa kaya? A bar shi. Halas, magana ta ƙare." Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Zane ya zauna inda yake.

Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, ba zanen ke gabana ba. Tun da likita ya ja mayafi ya rufe masa fuska na san abin da ke jirana. Baba ya bar mini wasiyya baki da baki: ni zan sauka cikin kabari in karɓe shi. Ni kuma duk duniya ba abin da nake tsoro kamar kabari. Na yi ta sa ran yayan maiɗakina, babban ɗan Baba, zai iso daga Zariya ya ɗauke mini. Da yamma ya bugo waya, ya ce biza ba za ta fito a kan lokaci ba, kada a tsare tsoho a sanyi saboda shi. Ya ce, "Ƙanena, kai ne mu a can." Na ce to, murya na rawa, shi kuma ya ɗauka kuka ne.

Ba tsoron da kowane musulmi ke yi nake nufi ba, na tuna lahira. Nawa na jiki ne, wanda ke sa gwiwa ta saki, yawu ya ƙafe. Ina yaro, wata shekara ruwa ya yi gyara a garinmu, ya ratsa maƙabartar da ke bayan gidanmu. Da gari ya waye muka fita kallo, na ga likkafani maƙale a saiwar wata bishiya, da abin da ke cikinsa. Tun daga ranar ban ƙara leƙa kabari ba. Ko jana'izar mahaifina a can baya na tsaya, ina addu'a daga nesa kamar wanda ya zo rakiya. Abin dariyar, tono ne sana'ata. Harsashin gini nake yi a Lusail, ramin da nake sauka kullum sai ya haɗiye bene sukutum, ko gezau ba na yi. Amma a ce mini ramin mutum ne, shi ke nan, an gama da ni.

Baba jikan magina ne. Kakansa ya gina soraye a cikin birnin Zariya waɗanda har yau suna tsaye. Shi kuma ya yi boko, ya karanta zanen gine-gine, ya samu tafiya Turai, aka haɗa shi da masu gyaran waccan majami'ar, ya yi shekaru a cikinta yana aune-aune. Daga baya ya koyar a gida, ya zo ya koyar a nan har ya yi ritaya. Ba ya shiga ɗaki bai ɗaga kai ya kalli rufi ba, ko ɗakin likita ne. Yana da wani zoben azurfa da yake ƙwanƙwasa bango da shi, ya kara kunne. Ranar da na kai shi ya ga benen da muka gama a Lusail, ina ta hura hanci, ya ƙwanƙwasa ya ce, "Injiniya, wannan bango ne ko kwali?" Ya kalli gilasan ya ƙara da cewa, "Ku kashe masa na'urar sanyi mako guda, mu ga wanda zai kwana a ciki." Na ji haushi, wallahi, amma ya za ka yi da suruki? Sai na ce, "Haka ne, Baba."

Zaman suruki da suruki a gida mai falo ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama kujera ɗaya da shi a gida ba, in muna magana ƙafarsa nake kallo. Shi ya sauƙaƙa mini. In ya ji an ajiye mini abinci, sai ya ce barci yake ji, ya shige ɗaki, alhali ina jin ƙarar takardunsa. In zai fito, tun daga ciki zai fara gyaran murya don in samu in sauke ƙafata daga kan tebur. Bai taɓa kiran sunana ba, Injiniya kawai.

Shi da liman kuwa sun taɓa ɓatawa sosai a kan majami'ar nan. A wajen wani suna ne liman ya ce masa a gaban jama'a, "Malam, da iliminka da shekarunka, kana karantar da ɗakin da aka cika da gumaka?" Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ban ce ka yi salla a ciki ba. Cewa na yi ka ɗaga kai ka ga rufi." Aka yi ta musayar yawu har sai da aka shiga tsakani. Suka daɗe gaisuwarsu ba ta wuce sallama. Wata Juma'a Baba ya dawo daga Wakra da kifi, ya ware mafi girma ya ce in kai gidan liman. Da na dawo ya tambaye ni, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa har ya yi godiya. Ya ce, "Madalla. Ya fi ni karatu, na fi shi ganin rufi, kowa ya riƙe nasa."

Wata bazara, lokacin da zafin Doha ke korar duk mai halin gudu, ya nace sai ya kai mu Turai mun ga majami'ar da idonmu. Muna shiga na ji sanyi ya taso daga daɓe ya kama mini ƙafa. Baba kuwa kamar an mayar masa da ƙuruciya. Ya nuna mana gindin ginin, bango mai kauri, tagogi ƙanana, bakin ƙofofi a zagaye. Ya ce wannan aikin mutanen farko ne, ba su yarda da dutse ba tukuna, sai suka tara shi da yawa. Gobara ta ci rabi, jikoki suka ɗora nasu a kai, suka tsinana bakin ƙofofin sama, suka tokare bangon daga waje, suka fafe shi suka zuba gilashi mai launi. Ya nuna haƙarƙarin rufin inda suka haɗu a tsakiya, ya ce, "Ka ga bakan gizo, ka ga ɗaurin guga, irin na rufin sorayenmu. Abin da kakana ke yi da azara da laka, su da dutse suka yi. Nauyi ɗaya ne a ko'ina, hanya yake nema ya sauka ƙasa." Wanda ya kafa harsashin bai ga rufin ba, ɗansa ma bai gani ba.

Sai sarakunan. Kowane ya ɓalle gefe ya gina wa kabarinsa ɗaki, yana son ya fi na ubansa. Ga su kwance a kan marmara, hannuwa a haɗe, ido a buɗe, ƙafafu na kallon gabas, zaki ko kare a gindin ƙafa. Da yawa an fasa musu hanci. Akwai wanda ya sa aka sassaƙa shi sau biyu: a sama da kambi da alkyabba, a ƙasa tsirara, haƙarƙari a waje, baki a wangame. Baba ya ce sun bar gonaki da dukiya don a riƙa yi musu addu'a har abada. Ya ce, "Duk wannan tsoro ne, Injiniya. Tsoro ne aka yi wa rufi." Ya ce kuma bai hana komai ba. Wani zamani talakawa suka yi bore, suka fasa kaburburan, suka narka dalmar akwatunan suka yi harsashi, suka zuba ƙasusuwan a rami ɗaya. Da ƙura ta lafa aka tono su a cakuɗe, ba a san uba ba, ba a san ɗa ba, aka toshe su a bayan wani bango a ɗakin ƙasa.

Ɗakin ƙasan nan shi ya tona mini asiri. Kunya ta hana ni cewa ba zan sauka ba. Muna kaiwa ƙasa, rufi ya matso, warin danshi ya bugi hancina, Baba ya ɗora tafinsa a bango ya ce, "Suna nan." Ban san lokacin da na durƙushe ba. Numfashi ya ƙi shiga, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Tsoho ne ya kama hannuna ya ja ni har waje, ya zaunar da ni a kan wani benci, ya aiki maiɗakina sayo ruwa, sannan ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Bai tambaye ni komai ba. Sai ya fara ba ni labari yana kallon tattabaru.

Ya ce lokacin da suke gyara, ruwa ya shiga ƙarƙashin daɓe, dole aka ɗaga murfin kabarin wani sarki, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da masu bore ba su gano ba. Aka tara masana, aka kunna fitilu. "Ba wanda ya wulaƙanta shi da gangan," in ji Baba. "An sa safar hannu, ana magana ƙasa-ƙasa. Aka auna ƙashin cinyarsa, wani ya ce ashe gajere ne, aka ɗan yi dariya. Sai aka miƙo mini muƙamuƙinsa in riƙe kafin a kawo tire. Na riƙe shi kamar yadda ake riƙe kofin shayi. Ban san muryarsa ba, ban san me yake ci ba. Ba ƙinsa nake ba, ba sonsa nake ba. A nan tsoro ya kama ni, Injiniya, kuma bai sake ni ba har yau. Ba mutuwar ba. Hannun da bai san ka ba."

A ranar na gane wata ɗabi'arsa da na daɗe ina gani. Duk Bahaushen da ya rasu a Doha ba dangi, Baba na wajen jana'izarsa, kuma shi ke sauka. Amma ba ya sauka sai ya tara abokan ɗakin mamacin ya yi musu tambayoyi, mutane na tsaye a rana suna ƙunƙuni. Alhajin Kumasi ya ba da labarin wani yaron Zango mai gadi da zazzaɓi ya kashe. Baba ya ce, "Me yake so a abinci? Me ke ba shi dariya? Wa yake kira in an biya albashi?" Suka ce wake da shinkafa, suka ce yana waƙa in yana wanki, muryar kuwa ba daɗi, suka ce kakarsa yake kira. Baba ya ce, "To, yanzu na san shi." Ya cire takalmi ya kama tsani, da furfurarsa da komai.

Bayan likitoci sun gaya masa zuciyarsa ta gaji, wata Juma'a da safe muka je Wakra sayen kifi mu uku, ni da shi da Alhajin Kumasi. Alhaji ya tsaya ciniki, Baba ya ja ni bakin ruwa inda jiragen katako ke ɗaure. Ya ce in ta Allah ta kasance, kada a sa shi a akwati a hau jirgi da shi. "A nan za a sa ni. Daga nan in ka kalli Makka, gida na bayanta, na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gimtse. "Wanka ban ɗora maka ba, akwai kunya. Alhaji da liman za su yi. Amma kai za ka sauka ka karɓe ni."

Na ce, "Baba, ku yi mini rai. Kun san halina."

"Na sani mana. Ba ni na fito da kai ba?"

"Ga Alhaji, ga liman."

"Alhaji gwiwarsa ba ta tsani. Liman zai karɓe ni kamar yadda zai karɓi kowa, Allah ya ba shi lada. Kai ka san tarina, ka san takuna. Shekara nawa kana kallon ƙafar nan?" Sai ya juyo ya kalle ni. Ya ce, "Tsoro nake ji, ɗana." Bai taɓa ce mini ɗana ba. Na ce, "To, Baba." Me zan ce?

Da hutu ya ƙare izini ya fito, aka sa jana'iza bayan la'asar. Maƙabartar na can bayan gari, fili fetal, ba bishiya ko ɗaya, kaburbura a jere, inji ne ke haƙa su tun kafin a san mai su. Ba irin namu ba ne da za ka durƙusa a baki ka miƙa hannu, a rufe da itace da tukwane. Wannan ya shanye mutum a tsaye har da saura, a farin dutse aka sare shi, aka fafe kogo a jikin bangon alƙibla. Aka idar da salla, aka ɗauko makara, ni ina biye. Na yi tunanin gudu, wallahi na yi. Na ce a raina, in na ce jiri nake ji wa zai zarge ni? Shi da na yi wa alkawari ba zai tashi ya tona ni ba. Liman ya dube ni ya ga halin da nake ciki, ya fara naɗe hannun rigarsa, ya ce, "Injiniya, bari in sauka, ba komai." Alhajin Kumasi ya riƙe masa hannu, ya ce mini, "Yalla, sauka, ɗana. Yana jiranka."

Ban san yadda na sauka ba. Na dai ji tsakuwa a tafin ƙafata, zafin dutse ya rufe ni ta ko'ina, sama ta koma 'yar siririya da kawunan mutane a gefenta. Wani ma'aikacin maƙabartar ya sauko don ya kama ta ƙafa. Numfashina ya fara tsinkewa, idona ya fara duhu. Na ji ana cewa bismillah, na ga farin likkafani ya tare hasken yana saukowa kaina, na ɗaga hannu.

Sai wani daga cikin ma'aikatan da ke sama, yana son ya daidaita shi, ya damƙi kafaɗarsa ta hagu ya ja. Kafaɗar nan Baba ya taɓa faɗowa a kanta daga kan katakon gini tun yana saurayi, ko riga zai sa sai ya lallaɓa ta, jikokinsa ma sun san ba a hawa ta nan. Sai ji na yi na daka tsawa da Hausa, ga mutumin da ba ya jin ko "zo": "Kai! A hankali! Kafaɗar nan tana masa ciwo!"

Mutumin ya cire hannunsa. Na ji Alhaji ya fashe da kuka a sama.

Na tallabe shi ta ƙarƙashi, kansa a gwiwar hannuna. Ashe ba shi da nauyi. Muka shigar da shi kogon a kan gefensa na dama, na ce, "Bismillahi wa ala millati Rasulillah." Na kwance ƙullin kai, na share tsakuwar da ke wajen kuncinsa da tafina, na tara ƙasa mai laushi na tokare bayansa don kada ya birkice. Tsoron bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya, haƙorana na haɗuwa har na gama. Amma na gama. Na sunkuya na ce, "Baba, ni ne. Kun iso." Aka miƙo bulo muka jera, muka toshe da laka. Hawa kam ban iya ba, liman da wani ɗalibin Baba ne suka zaro ni, na zauna daɓas a ƙasa ina kallon ana turo ƙasa. Allah ya haskaka masa, ya yalwata masa, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Da muka koma Bin Omran, matan da suka zo zaman makoki sun cika falo har bakin ƙofa. Na sunkuyar da kai zan wuce banɗaki, rigata da hannuwana duk farar ƙura da busasshiyar laka. Maiɗakina ta taso daga cikinsu ta tare ni a hanya. Idonta ya kumbura.

Ta ce, "Kai ka shiga?"

Na ce, "Ni na shiga."

"Ya kwanta daidai?"

"Ya kwanta daidai."

Na matsa zan wuce, ta riƙe ni a wuyan hannu, a gaban matan nan duka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ta ce, "Tsaya. Kada ka wanke tukuna." Ta buɗe tafukan hannuna ta kifa fuskarta a ciki.